Shirwar da Baba Markus Ya Jira

Baba Markus tsohon soja ne, amma yaƙin da ya fi ba shi wahala a lambun bayan gidansa ya yi shi, a Zuru, da wayar da ko kunna ta bai iya sosai ba.

Maƙwabciyarsa Adama ce ta kai ƙara wurin mai unguwa, wai karensa Kofur yana cinye mata 'yan tsaki. Markus ya rantse shirwa ce. Adama ta ce ita ba yarinya ba ce, duk tsakinta ta rina su da jar garura kamar yadda kowa ke yi, kuma shirwa ba ta taɓa rinannen tsako. Mai unguwa ya yanke magana: ko Markus ya kawo shaida nan da ranar kasuwa, ko a miƙa karen ga masu sayen karnuka. Kowa kuwa ya san ba gadi suke kai su ba, yanka su ake yi.

Da wani kare ne, da Markus ya haƙura. Amma ɗansa Justice ne ya kawo Kofur yana ɗan kwikwiyo, ya ce a riƙe masa har ya dawo daga fagen daga. Jakarsa kaɗai aka dawo da ita. Tun daga ranar, da karen nan tsohon yake cin tuwo, da shi yake hira.

Sai ya sayo 'yan tsaki, ya rina su jajir irin na Adama, ya sake su tsakanin kuɓewa da yakuwa. Ya ɗaure Kofur a cikin gida, ya laɓe gindin gwanda da wayar da 'yarsa Joyce ta saya masa, don ya ɗauki hoton shirwar.

Shirwar tana zuwa kullum idan rana ta ɗaga. Har ya san ta sarai, da wutsiyarta mai baki biyu da gashin da ya fige a fiffikenta na hagu. Takan yi ta shawagi, ta karkato kai ta dubi jajayen abubuwan nan, ta wuce abinta. Shi ko ya yi ta danna waya. Ya ɗauki gajimare, ya ɗauki ganyen gwanda, ya ɗauki babban yatsansa ya fi a ƙirga. Wuyansa ya sage, idanunsa suka yi ta ruwa, kuɓewa ta tsufa a jikin uwarta bai tsinka ba. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba ya koma roƙon tsuntsuwa, yana ce mata ta taimaka ta ɗauki ko guda ɗaya.

Ana gobe kasuwa, yunwa ta ci ƙarfin shirwa. Ta naɗe fukafukai ta faɗo. Markus ya danna, ya sake dannawa. Da ya duba, ga ta nan ɓaro-ɓaro, jan tsako a ƙafarta. Ya durƙusa cikin yakuwa ya gode wa Allah da hawaye.

Sai da ya share ido ya lura da ƙasan hoton, can gefen dama. Ga dangar Adama, ga wata 'yar kafa a gindinta, ga Kofur yana fitowa, guntuwar igiya a wuyansa, jan abu a bakinsa.

Markus bai san yadda ake yanke hoto ba, kuma ba wanda zai iya nuna wa ya tambaya. Ya tarar da karen kwance a ƙofar ɗaki yana kaɗa masa wutsiya. Ko tsawa ya kasa yi masa.

Da safe ya je ƙofar mai unguwa, Adama na zaune a gefe. Ya miƙa wayar amma bai saki ba, ya danne gefen dama da babban yatsa.

"Ranka ya daɗe, ga ɓarauniyar."

Mai unguwa ya duba ya jinjina kai, ya ce lalle shirwa ce. Adama ta leƙo, har ta fara ba da haƙuri. Sannan ta ƙara matsowa, don idonta ba ƙwari.

"Baba Markus, dangata ce wagga? Ɗauke yatsanka in gani da kyau."