Iskar Saman Silin

Kafintan ya fito daga cikin silin da baya-baya, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Gidan surukinsa ne, kuma surukin ne ya yi rufin da hannunsa shekara sha tara da suka wuce, lokacin yana kan sana'ar. Yanzu silin ɗin ɗakin da tsohon yake kwana ya yi baƙi, ya fara yin ciki. A can sama kafintan ya danna ƙusa a katako uku, ta shige ba tare da guduma ba. Kwanon rufin ba ya yoyo. Gumi yake yi ta ciki, yana ɗiga a kan katakon.

Ya zauna a kan tsani ya yi lissafi a bayan kwalin ƙusa. Tsawon gidan mita sha biyar, faɗi goma, wato murabba'i ɗari da hamsin. Yadda aka koya masa, wannan fili yana son kafar iska murabba'i ɗaya: rabi a bakin rufi inda iska ke shiga, rabi a ƙololuwa inda zafi ke fita. Ya auna na sama, sun cika. Ya auna na ƙasa, kafofi goma masu raga, har da ɗoriya. Lissafin tsohon babu kuskure.

Sai da ya kai hannu ya shafa ragar sannan ya gane. Sumul take kamar faranti. Kowace shekara tsohon yakan hau tsani ya yi wa bakin rufin fenti, raga da katako duka, don kada tsatsa ta ci. Kafintan ya ɓamɓaro raga guda ɗaya ya sauko da ita.

Matarsa ta tare shi a ƙofar kicin, ta dubi ragar, ta gane.

"Ka ce masa kwanon ne ya tsufa," in ji ta.

"Kwanon zai binne ni da ke."

"To ka ce lissafinsa daidai ne, ka yi shiru. Ai ba ƙarya ka yi ba. Mutumin da duk baƙon da ya zo sai ya zagaya da shi ya ga rufin nan, za ka ce masa shi ya kashe shi?"

Kafintan ya juya maganar a ransa. Gaskiya ce, ba ƙarya a ciki. Zai iya canza katakon, ya sa sabuwar raga, kowa ya rabu da kowa lafiya. Amma baɗi tsohon zai sake ɗaukar buroshi. Ya rasa wanne ne rashin kunyar: ka faɗa wa suruki laifinsa, ko ka bar shi yana kwana a ƙarƙashinsa.

Tsohon yana zaune a baranda, ya miƙe ƙafa.

"Injiniya, an gama binciken? Karanto mini laifina."

"Baba, lissafinku daidai ne. Ɗaya cikin ɗari da hamsin, har kun ƙara."

"Na sani. Lokacin da na yi shi ko zarto ba ka iya riƙewa ba. To me ya ci katakon?"

Kafintan ya durƙusa ya miƙa masa ragar da hannu biyu.

"Iskar ce ba ta samun hanya, Baba. Fentin ya toshe ta."

Tsohon ya ɗaga ragar sama, haske bai ratso ba. Ya kai ta baki ya hura. Ya sa farce ya kankare gefe, kore ya fita, shuɗi ya bayyana, ƙarƙashinsa wani koren. Ya daɗe yana kankara.

Daga nan ya ɗora ta a cinya ya kira 'yarsa, ko da yake kafintan na durƙushe a gabansa.

"Ki sa a fitar da gadona zuwa falo. Ki ce wa mijinki ya canza katakon. Sauran ragar tara kada ya taɓa, ni zan cire."

"Baba, ga shi nan ai, yana ji."

"Ki faɗa masa dai."

Ta juyo ta faɗa masa. Kafintan ya ce to, ya tashi ya koma auna katako.