Baffa a Bayan Ginshiƙi

Shekara goma sha tara ina shirya wa mutane biki, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa ɗaga murya a ɗakin taron da na tsara ba. Ku je ku tambaya. Mutane sun ɗauka aikina furanni ne da labule da rigunan kujeru. Ina! Wannan kowa ma zai iya. Aikina shi ne in san wa ba ya ga maciji da wa, in zaunar da su yadda ko inuwar juna ba za su taka ba. Shi ya sa ake ce mini Anti Tsari, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba.

Ranar da wata amarya ta zo ofishina, ko kundin hotunan ado ba ta buɗe ba. Ta ce, "Anti, ni kowace kala kika zaɓa ta yi. Abu ɗaya nake so. Babana da yayansa, Baffa, shekara goma sha ɗaya ba sa magana, tun da suka yi saɓani a kan ko a gidan wa kakarmu za ta yi jinya. Wata takwas ina zarya wajen Baffa kafin ya yarda zai zo. Ina so su gaisa a bikina. Shi ke nan."

Na ce, "In sha Allahu, 'yata." Na yi mata murmushin da nake yi wa duk amaryar da ta zo mini da mafarki. A raina kuwa cewa na yi, yarinya kenan. Ni za a kawo wa sulhu cikin taron mutum ɗari uku, ga lasifika a kunne, ga wayoyi a sama?

Na yi abin da na saba. Na ɗauki taswirar ɗakin taron da jan birona na tafi wajen gwaggon amarya, domin kowane dangi suna da gwaggo ɗaya da ba ta manta komai. Ban gama zama ba ta fara. "Ke dai kada ki bari su haɗa ido. Na san 'yan'uwana. Wancan zuciya, wannan taurin kai. Ranar ƙarshe da suka haɗu, sai da aka riƙe su." Na ja jan layi tsakanin sunayen biyu, hankalina ya kwanta.

Kai, na yi aiki a bikin nan, ko da yake ni ce nake faɗa. Ɗakin yana da ginshiƙai huɗu masu kauri. Na ajiye uban amarya a tebur na biyu, Baffa a tebur na tara, ginshiƙi a tsakaninsu daidai. Na zauna a kujerar kowannensu na leƙa hagu, na leƙa dama. Da na ga akwai 'yar kafa ta gefe, na sa aka kawo tukunyar fure mai tsayin mutum aka toshe ta. Uban amarya zai shigo ta babbar ƙofa da ƙarfe biyu, Baffa ta ƙofar gefe da biyu da kwata. Mai hoto na ba shi jeri: dangin uba kashi biyu, a tsakaninsu a kira abokan aikin ango. Mai gabatarwa na ce masa in ya kuskura ya ambaci Baffa, ya nemi wata sana'ar.

Ranar biki komai ya tafi kamar agogo. Baffa ya zo, dattijo siriri da sanda, ya sha sabon ɗinki har karin guga bai fita ba. Na tarbe shi da kaina, na kai shi kujerarsa. Ya ce, "'Yata, ina ƙanen nawa yake zaune?" Na ce, "Yana nan ciki, Baba, bari a kawo maka ruwa."

Sau biyu ya yunƙura zai tashi. Na farko na tura masu raba abinci suka cika masa gaba da faranti. Na biyu na sa aka fara yanka kek, kowa ya miƙe, hanya ta toshe. Can ɓangaren kuma uban amarya sai waige-waige yake yi, wuya kamar zai tsinke. Da na ga ya ajiye cokali ya nufi wajen ginshiƙi, na tare shi da fara'a na ce dangin ango suna jiransa a yi hoto. Mutumin kirki, bai iya musu ba. Ya bi ni.

Amarya tana can kan dandamali, fitilu sun haske mata ido, ba ta ganin komai bayan tebur na uku. Sau ɗaya ta yafuto ni ta ce, "Anti, sun gaisa?" Na gyara mata mayafi na ce, "Ki bar mini komai." Ta saki ajiyar zuciya, ta matse mini hannu. Wallahi a lokacin har wani daɗi na ji.

Ƙarfe biyar saura aka fara watsewa. Gwaggo ta rungume ni ta ce, "Ke kam Allah ya yi miki baiwa. Ko tari ba a yi ba!" Na tafi in raka Baffa ta ƙofar gefe, kamar yadda na rubuta a takarda, minti goma kafin uban amarya ya fito.

A bakin mota ya tsaya. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani tsohon hoto, yara maza biyu a kan keke ɗaya, ya duba, ya mayar. Ya ce, "Na zo da wannan ne in nuna masa. Na ce ko ba mu iya cewa komai ba, ma yi dariya." Ya gyara riƙon sandarsa, ya ci gaba. "Kusan awa uku ina zaune. Mutum ya gayyace ka, ya ajiye ka bayan ginshiƙi, ya sa a shigo da kai ta ƙofar gefe. Ai ya gama magana. Na ji, kuma ba zan sake damunsa ba."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun da na fara aikin nan. Na ce, "Baba, ba shi ba ne. Wallahi bai ma san inda kake ba, tun ɗazu yake nemanka. Ni ce na tsara kujerun. Ni na sa furen. Ka tsaya minti biyu in kira shi."

Ya dube ni da tausayi, har da ɗan murmushi. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kina da kirki, kina so ki rufa wa wanda ya ɗauke ki aiki asiri. Amma ke mai aiki ce, abin da aka ce ki yi shi za ki yi. Wa zai zauna haka kawai ya shirya wannan duka, in ba an sa shi ba?"

Ya shiga mota, ya ja ƙofa da kansa, ya ce wa direba su tafi.

Ina tsaye a wurin sai ga uban amarya ya fito da sauri, hula a karkace, yana haki. Ya dubi motar da ke fita daga ƙofar harabar, ya dube ni.

"Shi ne wancan?"

Na ce shi ne.

Ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya gyara hularsa a hankali ya ce, "Ya zo har nan, ya ci abinci, ya tafi bai neme ni ba. To, ba komai. Ke dai kin yi ƙoƙari, Hajiya. Don Allah kada ki gaya wa yarinyar yau."