Gwiwar Adongo

Ƙarar da Bayuo ya ji a bayansa ba ta wuce ta busasshen kara idan an taka shi ba, amma ta ratsa duk hayaniyar filin ta shiga kunnensa.

Wasan ƙwallon masu ƙafa ɗaya ne, kuma ƙwallo tana gabansa. Tsakaninsa da raga babu kowa sai mai tsaron gidan ƙungiyar Bolga, wanda ya ware hannunsa guda ɗaya yana jira. Saura minti huɗu a tashi, ana ɗaya da ɗaya, kuma ƙungiyar da ta ci ita ce za ta kwana a Tamale ta buga wasan ƙarshe gobe. Alƙalin wasa bai busa ba. Daga bakin layi kocin ƙungiyarsu ta garin Wa, Mista Dery, yana ta yi masa ihu ya buga.

Bayuo ya kafa sandunansa biyu a ƙasa, ya ɗora nauyinsa a kansu zai ɗaga ƙafa, sai ya waiwaya. Adongo, mai tsaron bayan Bolga da ya hana shi sakat tun safe, yana kwance, sandunansa sun watse, ya rungume gwiwa da hannu biyu. Gwiwar dama ce, kuma ita kaɗai gare shi.

Bayuo ya sa gefen takalmi ya ture ƙwallon waje, ya juya.

Tun da aka take wasa bakinsu bai huta ba. Dagaaba, ƙabilar Bayuo, da Frafra, ƙabilar Adongo, abokan wasa ne tun kakanni, duk inda suka haɗu sai an taɓa. Adongo ya yi ta kiransa ɓarawon kan kare, shi kuma yana ce masa bawan gidansu ne da ya gudu. Don haka da ya isa kansa, da tsokana ya fara, ko zai ga haƙoransa.

"Tashi mana, bawana. Kwanciyar me kake yi a gonar mutane?"

Adongo bai yi dariya ba. Gumi ya wanke masa fuska, idanunsa na kan gwiwar.

"Bayuo," ya ce a hankali, "ta ƙi ɗaguwa."

Bayuo ya san abin da ya faru, ko da alƙali bai gani ba. Sa'ad da ya juya da ƙwallo, ya dasa sandarsa ta hagu daidai bayan dunduniyar Adongo, shi kuwa ya taho da gudu ya tuntsure a kanta, ƙafar ta murɗe ƙarƙashinsa.

Babu motar asibiti a filin. Babur mai ƙafa uku da ya kawo ruwan leda aka sauke wa kaya, aka shimfiɗa kwali, mutum huɗu suka ɗora Adongo. Matarsa Atampoka, wadda ta biyo 'yan kallo daga Bolga, ta hau ta zauna wajen kansa. Bayuo ya miƙa sandunansa sama zai hau, Mista Dery ya riƙo rigarsa. Ya ce masa mutumin yana da 'yan'uwansa, za su kai shi, kuma shekara biyu ke nan suna atisaye a filin makaranta don wannan rana. Bayuo ya ce ya sa wani a gurbinsa. Ya zame rigar daga hannun kocin, ya hau.

A hanya ya ɗora ƙafar Adongo a kan cinyarsa, ya tallafe ta da hannu biyu. Duk ramin da babur ya faɗa, sai ya ɗaga ta kaɗan kafin girgizar ta iso. Ba wanda ya koya masa wannan. Shekara shida da suka wuce, da ramin haƙar zinariya ya rufta masa har ya rasa ƙafa, a bayan irin wannan babur aka ɗauke shi, kuma har yau yana iya ƙirga ramukan hanyar.

A asibiti aka shiga da Adongo ɗakin ɗaukar hoton ƙashi, aka bar Bayuo da Atampoka a kan benci. Rana ta take. Bayuo yana sanye da kayan wasa, ƙasa ta manne masa a gwiwar hannu, masu wucewa suna kallonsa suna zaton shi ne majinyacin.

Atampoka ta fara magana tana murza bakin zanenta, ba ta dube shi ba. Ta ce mijinta tela ne, da keken ɗinki na ƙafa yake ciyar da su, su biyar. Da babbar mota ta cinye masa ƙafar hagu, wata takwas ya yi a ɗaki, ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Da kyar ya koya wa ta dama taka keken ita kaɗai. Ƙwallon nan ce ta fito da shi cikin mutane, ta dawo masa da surutunsa, shi ya sa ba ta taɓa hana shi ba. Amma duk ranar wasa ba ta iya cin abinci sai ta gan shi ya dawo.

Bayuo ya san yadda rayuwar mai ƙafa ɗaya take, ya saba da ita. Ta wanda ba shi da ko ɗaya kuwa, bai taɓa yarda ya tsaya ya yi tunaninta ba sai yanzu.

"Yaya," ya ce, "sandata ce ta kayar da shi."

"Na gani."

"Ban yi da gangan ba."

"Na ga wannan ma," ta ce. "Na kuma ga inda ka tura ƙwallon."

Ta buɗe jakarta ta ciro ƙullin gyaɗa soyayya, ta ajiye a tsakaninsu. Babu wanda ya taɓa.

Sai bayan azahar likitar ta fito, wata doguwar mata mai tabarau, da hoton a hannunta. Ta tambayi waɗanda suka kawo ɗan ƙwallo. Bayuo ya miƙe har sanda ɗaya ta suɓuce masa. Likitar ta ɗaga hoton wajen hasken taga, ta nuna musu da biro. Ta ce ƙashi lafiya lau, ko tsagewa babu. Targaɗe ne, jijiyar gwiwa ta ja, zafin ne ya hana shi ɗaga ta. Za a naɗe, ya huta sati huɗu ba tare da ya taka ba, bayan haka ya koma kan kekensa.

Bayuo ya ce mata shi fa ya ji ƙarar karyewa da kunnensa. Likitar ta yi murmushi, ta leƙa ɗaki ta ɗauko robar kare ƙwauri da aka ciro daga safar Adongo. Robar ta rabe gida biyu.

Bayuo ya yi mata godiya. Ya sulale ya zauna a kan siminti, ya jingina da bango, ya rufe fuska da tafin hannu. Atampoka tana dariya tana share ido da bakin zane, ta ce wa likitar ta duba wannan ma, da alama shi ne ya karye.

Da aka turo Adongo a keken marasa lafiya, gwiwa a naɗe fari fat, ya dubi Bayuo a ƙasa ya girgiza kai.

"Ku tashe shi, kada a ce mun zo asibiti da bara. An ce kai da raga kuka rage, ka kasa? Dama na faɗa, Dagaaba ba su iya komai ba sai cin kare."

"Tausayinka na ji, tsoho. Wa zai ɗinka mini rigar aure idan ka lalace?"

Suna cikin cin gyaɗar wayar Atampoka ta yi ƙara. Kocin Bolga ne. Sun ci biyu da ɗaya a ƙarin lokaci, za su kwana a Tamale, motarsu ba za ta koma ba sai gobe da yamma. Adongo ya ɗaga hannu sama don murna, sannan ya dubi Bayuo ya sauke shi. Atampoka kuwa tunanin hanya ta shiga. Yara suna gida, kuma ƙafar da aka ce kada a lanƙwasa ba za ta shiga motar haya ba.

Da la'asar farar motar ƙungiyar Wa ta tsaya a ƙofar asibitin. 'Yan wasa suna ciki, sanduna jibge a tsakiya. Mista Dery ya sauko, fuskarsa a ɗaure. Ya wuce Bayuo kamar bai gan shi ba, ya tsaya kan Adongo ya tambayi abin da likita ta ce. Atampoka ta faɗa masa. Ya sauke dogon numfashi, ya cire hularsa ya goge goshi, ya mayar. Sai ya tambaye ta da me za su koma gida. Ta ce tana kan dubawa.

Kocin ya koma wajen mota ya ce wa waɗanda ke kujerar baya su taso su matsu a gaba. Ya gaya wa direba ta Bolga za su bi. Direban ya ce hanyar Tumu, wadda za su bi daga Bolga zuwa Wa, duk ramuka ce, za ta ƙara musu awa uku ko fiye. Mista Dery ya ce ai ba su da wasa gobe.

Suka kwantar da Adongo a kujerar baya, ƙafar a miƙe, aka tokare ta da jakar riguna. Bayuo ne na ƙarshen shiga. Kocin yana tsaye a bakin ƙofa, ya dube shi a karo na farko tun filin wasa.

"Da ka buga, da ta shiga," ya ce.

"Na sani, Koci."

Mista Dery ya karɓi sandunansa, ya miƙa masa hannu ya hau.

"Koma baya ka riƙe masa ƙafar," ya ce. "Ka ji abin da direba ya faɗa game da hanya."