Wanda Ya Yaɓe Katangar Habsatu

Da Sallau ya rasu, abin da ya bar wa Habsatu a Dogon Dutsi gida ne kawai: soraye biyu, zaure, da katangar da kakansa ya ɗora. Ba gona, ba ɗa namiji. Ranar da Tukur, sabon tafintan kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya zo neman wurin zama, ta ba shi hayar soron gabas da farin ciki, har ta share masa da hannunta.

Kowa a garin ya san aikin mai gida. Kafin ruwan farko sai ya kwaɓa ƙasa, ya yaɓe katanga, ya toshe rufi, ya gyara indararo. Habsatu ta saba yi, ko da bayanta na ciwo. Bazarar farko Tukur ya tarar da ita ƙafa cikin kwaɓi, ya riƙe baki.

"Haba Inna! Ina cikin gidanga ki taka laka? Mi mutane za su ce da ni? Hito, don Allah."

Ta fito tana sa masa albarka. Ya kawo magina, ita kuma ta dama musu fura. Haka aka yi damina huɗu, Habsatu tana yawo da sunansa a bakin rijiya, wai Allah ya ba ta ɗa da tsufanta. Ni dai har yau in na ji mutum ya cika ladabi, sai in duba abin da ke hannuna.

A shekara ta biyar kumandan ya ce za a ja tituna, kowane gida a yi masa takarda da sunan mai shi. Habsatu ta yafa zanenta mai kyau ta tafi bariki. Can ta ji ana cewa gidan yana da mai nema, kuma mai neman, Tukur, yana tsaye kusa da teburin Bature da farar riga.

Baturen bai tambayi kakan kowa ba. Abin da ya dame shi, wa ke kula da ginin. Aka kira Gado magini.

"Wa ya sa ka aikin katanga?"

Gado ya dubi ƙasa. "Malam Tukur na."

"Damina nawa?"

"Huɗu."

Aka kira maƙwabciyarta Balki, wadda suka yi shekara talatin suna aron wuta. Ita ma ta ce rabon da ta ga Habsatu da laka an jima. Babu wanda ya yi ƙarya, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Habsatu ta miƙe. "Ranka shi daɗe, gidan mijina na! Haya ni ba shi. Shi yac ce in bari, shi yah hana ni!"

Ta yi magana mai tsawo, da hawaye, da sunan kakan Sallau. Sai dai Bature ba ya jin Hausa, kuma tafinta ɗaya ne a barikin. Tukur ya juya maganar cikin kalmomi kaɗan, murya a sanyaye. Bature ya gyaɗa kai, ya buga hatimi.

A waje Tukur ya tarbe ta, har da rusunawa.

"Kada ki damu, Inna. Ba ni korar ki. Ɗakinki na nan, ki zamna abinki."

Ba ta da inda za ta, sai ta koma.

Bayan kwana uku wani ma'aikaci ya zo da babban littafi, yana rubuta mazauna kowane gida. Ya same ta tana tankaɗe a tsakar gidan da ta haifi 'ya'yanta mata uku, ta aurar da su.

"Tsohuwa, sunanki?"

"Habsatu."

"Gidan wa kike zamne?"

Ta ajiye rariyar. Mutumin yana jira, alƙalami a sama, rana na dukansa, kuma da sauran gidaje a gabansa.

"Gidan Tukur," in ji ta.