Igiya a Bakin Duna

Shekaru kaɗan da zuwan Nasara Sakkwato, wani kare ya ciji kukun wani bature a bariki. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da kukun ya yi wa karen. Washegari sai ga mai shela yana zaga unguwanni: kowane kare a ɗaure masa baki, wanda aka samu baki sake a kashe shi, wai haukan kare ake tsoro. A tsakiyar bazara fa, lokacin da ko ƙadangare ba ya yarda ya taka rairayi da azahar. Har yau in na tuna dokar nan raina yakan ɓaci.

A Ƙofar Kware akwai wata tsohuwa, Iyatu. Mijinta Maigandi ya fita ranar da Nasara suka shigo gari, bai dawo ba. Abin da ya bar mata awaki ne da wani baƙin kare mai suna Duna. Cikin tsananin ɗari Maigandi ya kawo shi, ɗan kwikwiyo, naɗe a hannun riga yana rawar sanyi. Iyatu ta yi ta faɗa, ta ce ita ba za ta zauna da kare ba, sannan ta share masa wuri a tokar murhu mai ɗumi. Nan yakan dunƙule, ya cusa hanci ƙarƙashin wutsiya, ya yi barcinsa. Da ya girma shi ya hana kura ɗaukar mata akuya, kuma shi kaɗai ne a gidan har yanzu yake kwanciya a ƙofar ɗakin Maigandi kamar mai ɗakin zai fito.

Iyatu mace ce mai baki. Ta yi faɗa da mai rijiya, ta yi da mahauci, ta yi da awakinta. Mutanen unguwa sukan ce ko barci take yi leɓenta na motsi. Amma ranar da aka yi shela ba ta iya hanawa ba, domin wanda ya kawo mata igiyar Mode ne, ɗan ƙanwarta, wanda ta goya tun uwarsa ta rasu ta bar shi a zani. Yanzu ya samu aikin saƙo a bariki, an ba shi kulki da damin igiyar kaba. Ya durƙusa ya naɗe bakin Duna tam, kamar yadda ake ɗaure bakin buhu, ya wuce gida na gaba.

Da hantsi Duna ya fara sa ƙafa yana ƙoƙarin tuɓe igiyar. Da rana ta take sai ya daina. Ya tafi gindin randa, inda kullum yakan tona ɗan rami ya kwantar da cikinsa kan ƙasa mai laima, amma ya kasa tonawa. Haƙarƙarinsa na hawa da sauka, yawu mai kauri na tsattsafowa ta gefen igiya, idanunsa sun yi jawur. Ya tashi zai zo wurinta, ƙafafun baya suka lanƙwashe, ya faɗi.

Iyatu ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ɗauko wuƙar yankan kuɓewa ta datse igiyar. Harshen ya zubo waje, ya yi baƙi-baƙi. Ta ja shi inuwa, ta jiƙa tsumma tana shafa masa ciki da hammata da tafin ƙafa, tana yi masa fifita da faifai. Ruwan sha kuwa kaɗan-kaɗan ta riƙa ɗiga masa, don kada ya kwankwaɗa ya amayar. Tana yi tana zaginsa, tana kuka. Sai wajen la'asar ya ɗaga kai ya lashi hannunta. A ranar nan karnukan farautar Tambari maƙwabcinta suka mutu a ɗaure, shi yana kasuwa.

Kashegari da azahar Mode ya dawo dubawa. Wannan karon da soja a bayansa, wani dogo baƙon ƙasar, rataye da bindiga. Sojan ya tsaya a bakin zaure, don ko Nasara sun san ba a faɗa wa gidan mata haka nan. Mode, da yake ɗan gida ne, ya yi sallama ya shige.

Ya tarar da Duna kwance a raminsa na gindin randa, baki buɗe, harshe waje, yana haki a hankali. Iyatu na zaune kusa tana tsince wake.

"Inna, ina igiyad da niɗ ɗaura mai?"

"Na yanke ta. Ga ta can bisa danga."

Mode ya waiga wajen zaure, ya rage murya. "Inna, soja na waje. In anka ga karen ga haka, halbe shi za a yi."

"Zo nan, taɓa shi," in ji Iyatu. "Kai ga ka nan sharkaf da zuhwa. Shi hwa? Jikinai busasshe na, ba shi zuhwa sai ɗan abin da ka hitowa ga tahin ƙahwa. Da halshen ga shika hidda zahi. Kun ɗaure bakin, kun rufe tukunya bisa wuta."

"Na sani, Inna. Kowa ya sani."

Ya sani kuwa. Cikin karnukan unguwar nan ya tashi, kuma da safen nan shi ya taya Tambari jan gawarwakin nasa zuwa bayan ganuwa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan a lamarin: ba jahilci ba ne, tsoro ne.

"Karen baturen naku," ta ce, "shi ma igiya anka naɗa mai?"

Mode ya sunkuyar da kai. "Nashi na waya na, kamar ɗan kwando. Shina buɗe baki ciki. Ana kuma yayyahwa mai ruwa inda shika kwana."

"To."

Ya zaro sabuwar igiya daga damin. "Ki bari in ɗaura, ko zuwa mu wuce. In mun yi nisa ki kwance."

"Gobe hwa? Jibi hwa? Kullum in ji takonku in shaƙe shi?" Ta miƙa hannu. "Ba ni nan."

Ya ba ta, har ya yi ajiyar zuciya, yana zaton ta sauko. Iyatu ta miƙe tsaye, ta gyara ɗaurin zaninta.

"Baki anka ce a ɗaure gidan ga. Duna bai taɓa cizon kowa ba. Mai cizo gidan ga ni ta."

Ta sa igiyar a bakinta, ta zagayo da ita ƙeya, ta sake zagayowa, ta ƙulle tam. Sannan ta ɗauki mayafi ta yafa a kafaɗa, ta bar fuskar a buɗe, ta nufi zaure.

Mode ya gane inda za ta. Za ta fita ta ratsa unguwa, ta ratsa kasuwa da tsakar rana, har bariki, kowa ya ga uwar Mode da takunkumin kare. Ya riga ta zuwa ƙofa ya tare. Ta tsaya tana dubansa. Tun da yake a duniya bai taɓa ganin Iyatu ta yi shiru ba, kuma bai taɓa jin faɗan da ya shige shi kamar wannan shirun ba. Kabar ta fara yanka gefen leɓenta, jini ya ɗan fito. A bayanta ne ya yi barci yana jariri, bakin nan ne ya tauna masa abinci kafin ya yi haƙori.

Ya kai hannu yana kwance ƙullin, hawaye na zuba. Ya haɗa igiyar da sauran damin ya jefa cikin murhu, ya fita.

"Babu kare gidan ga," ya ce wa sojan.

Duna kuwa, da ƙarfi ya fara dawo masa, ya ji baƙuwar murya a ƙofar gidansa. Ya yi haushi, ɗan siriri, amma kowa ya ji.

Sojan ya sauke bindiga daga kafaɗa, ya matso. Mode ya ajiye kulkinsa a ƙasa, ya buɗe hannuwa ya kama gefe da gefen ƙofar. Maza sun fara fitowa daga zaurukansu, Tambari a gaba.

"Gidan uwata na," in ji Mode. "Na ce babu kare."

Sojan ya dubi mutanen, ya dubi Mode, ya mayar da bindigarsa. Bai shiga ba. Sai ya tasa Mode a gaba zuwa bariki.

Da yamma Tambari da wani suka kawo shi a kafaɗa. An yi masa bulala, an karɓe aikin. Iyatu ta shimfiɗa masa tabarma a gindin randa, wuri mafi sanyi a gidan, ya kwanta rubda ciki, Duna na gefensa yana haki. Ta jiƙa tsumman nan ta ɗora a bayansa. Mode ya cije leɓe, ya datse haƙora, don kada ta ji yana nishi.

Iyatu ta sake matse tsumman, leɓenta a kumbure.

"Buɗe baki ka yi nishinka," ta ce. "Gidan ga ba a ɗaure ma kowa baki."