Motar Hambali da Jana'izar Kawu Nadabo

Ƙanina Hambali mutum ne da ya fifita hirar waya a kan ran duk wanda ya shiga motarsa. Na faɗa masa a ɗaki, na faɗa masa a gaban mutane, bai ji ba. Daren jiya sai ga shi cikin mafarkina da halinsa cikakke, ko ɗigo bai baro a gida ba.

Na gan mu a wata ƙasa inda ake naɗe tituna kamar tabarma idan dare ya yi, da safe a sake shimfiɗa su duk inda aka ga dama. Aka aiko mana cewa Kawu Nadabo, ƙanin mahaifiyarmu da ya riƙe mu muna yara, ya rasu a ƙauye, kuma da an idar da azahar za a yi masa sallah. Ba wanda ya san inda hanyar ƙauyen ta bi a ranar sai motar Hambali, irin mai allon taswirar nan a gaba, da muryar mace da ke cewa bi dama, bi hagu.

Na ce mu kama hanya. Ya ce, "Yaya, bari mu ɗan biya wajen rewaya mai gyaran wutar mota, yanzun nan."

Rewayan bunsuru ne da tabarau. Ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ya tauna igiyoyin lantarki, ya tofar da ja, ya haɗiye baƙa. Sannan ya manna wata 'yar na'ura kusa da madubi.

Ya ce, "Alhaji, daga yau ba ruwanka da kara waya a kunne. Kira zai fito ta lasifikar mota, kai kuwa ka yi ta magana kamar kana zaure."

Na ce, "Matar da ke nuna hanya fa? Ai ita ma ta lasifikar take magana."

"'Yar gidan mutunci ce, Malam. Idan maza na gaisawa, shiru take yi."

"To ina wajen kashewa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka taɓa ganin an kashe gaisuwa?"

Sai ga mu bisa hanya. Ruwa yana tashi daga kwatoci yana komawa sama, mutane na tafe cikin lema a kife. Matar ta ce, "Can gaba kaɗan, sai a bi..." Sai kira ya shigo.

"Salamu alaikum, Alhaji Hambali! Ashe abin da ya faru ke nan? Ya haƙuri?"

Hambali ya gyara zama. Hannuwan da aka sauke wa nauyin waya ba su koma kan sitiyari ba, ɗaya na dafe ƙirji, ɗaya na nuna sama. Ya tambayi gida. Ya tambayi yara, kowa da sunansa. Ya tambayi kasuwa, ya tambayi surukin mutumin da ciwon gwiwarsa. Mararraba ta wuce, wata ma ta wuce. Kibiyar allo tana ta birgima kamar kazar da aka yanka, matar kuwa ko tari ba ta yi ba.

Da aka yi sallama, ta ce cikin ladabi, "Alhaji, an wuce."

"A ina?"

"A wajen ya yara."

Na ce, "Hambali, cire abin nan ka jefar."

"Haba Yaya. Mutane na yi min ta'aziyya, in yi musu rashin kunya?"

"Ta'aziyyar wanda ba ka je ka binne ba?"

"Kai dai ba ka waye ba ne. Dubi hannuna, akwai waya? Ko hukuma ta yarda da wannan."

Lallai hukuma ta yarda. Wata jimina mai kakin 'yan kula da hanya ta leƙo, ta ga hannuwa biyu babu waya, ta sara masa, muna tafe baya-baya a kan hannun da ba namu ba. Gaba kaɗan wani allon hanya ya tsayar da mu, yana tambayar inda garin da aka rubuta a jikinsa yake.

Ladan ya kira azahar daga cikin tankin mai. Sai ga wani kiran. Muryar Kawu ce da kansa.

"Hambali, kuna ina?"

"Kawu! Barka da rana. Ya jikin?"

"Jiki an wanke, an sa masa likkafani. Ku ake jira, liman kuma ya ce ba zai ƙara jira ba."

"To madalla, madalla. Ya mutanen gida? Ya damina?"

A allo na hango kwanar ƙauyenmu tana matsowa. Na daka tsawa, "Dama! Bi dama!"

Ya ɗaga min hannu. "Yaya, babba na magana."

Muka wuce. Ta lasifika na ji an ja sahu, na ji kabbara. Kawu ya ce, "To, ni na tafi." Hambali ya ce, "A gaida gida."

Na buɗe ƙofa na dira, na sheƙa da gudu a kan titin da aka fara naɗewa. Na isa maƙabarta mutane na kaɗe ƙasa daga tafin hannu. Mutumin da ya ciyar da mu, ya yi mana kaciya, ya ɗinka mana rigar sallah, an rufe shi babu ko dintsin ƙasa daga hannunmu. Wani ya miƙo min buta.

Da na waiga, sai na hango motar a wani shataletale wanda ba shi da mafita. Matar ta ce, "Alhaji, an iso." Duk mutanen ƙasar sun ja layi har bayan duwatsu, kowa da waya a hannu, kowa na jiran a zo kansa ya ce ya haƙuri.

Nan maƙwabcina ya tayar da injin markaɗe, na farka.

Hambali kuwa can na baro shi. Zai yi ta zagayawa yana amsa gaisuwa har layin ya ƙare, kuma duk wanda ya gama, baya yake komawa.