Ɓarɓashin Ƙarfe a Idon Mai Walda

Shekara shida mijina yana tashi da safe a sandare kamar katako. Sai na kama shi na jingina shi da bango, ya yi awa guda yana lallaɓa ƙugunsa kafin ya iya sa takalmi. Rana na ɗagawa kuma jikin ya sake, ya kama walda kamar ba shi ba. Abin da ya ja masa ke nan. Yayansa, mai shagon da yake aiki a ciki, ya ce bai taɓa ganin ciwon da ke zuwa lokacin buɗe shago ya tafi lokacin cin abinci ba. Sau biyu ana hoton ƙashi, ba a ga komai ba. Sai Yaya ya ba shi zuwa ƙarshen wata: ko ya kawo shaida, ko a ba wani bencinsa.

Wata likitar gaɓoɓi ce ta fara yarda da mijina. Ta ce tana zargin kumburi a mahaɗar ƙugu da ƙashin baya, irin wanda hoton ƙashi ba ya gani da wuri. In aka bar shi, ƙasusuwan sai su manne.

"Wato walda suke wa kansu," in ji shi.

"Kusan haka. Hoton MRI ne zai nuna mana."

Ran hoton ya sa farar rigarsa, har da turare. Aka karɓe agogo, makullai da bel. Ta gilashi na hango na'urar, wani ƙaton rami fari mai gado a bakinsa. Ma'aikaciyar ta zauna da takardar tambayoyi.

"Malam, mene ne sana'arka?"

"Walda."

Ta ɗago kai. "Ƙarfe ya taɓa shiga idonka?"

Shi da surutu in an taɓo sana'a! Ya yi dariya. "Wane mai walda ne bai shiga nasa ba? Mu ba ma zuwa asibiti. Kusurwar takarda ake lanƙwasawa a lakato shi. Akwai ma wanda ya ƙi fita, na bar shi, ya daina damuna."

Ta ajiye biro. Ta ce na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske, tana iya motsa ɓarɓashin ta yaga idon. Aka dakatar da MRI ɗin, aka tura shi hoton ido. Ga shi nan kuwa, ɗigo fari, bai kai ƙwayar yashi ba. Likitar gaɓoɓin ta ce sai likitocin ido sun duba ko zai ciru, layinsu kuma wata huɗu ne. Ta rubuta magani da wasiƙar shaida.

A mota haushi ya cika ni. "Baban yara, da ka yi shiru mana."

"Da na makance ke nan," ya ce a hankali. Kunya ta kama ni, amma haushin bai tafi ba.

Mun tarar da Yaya a shago yana yankan bututu. Ya karanta wasiƙar, ya tsaya a kan kalmar "zargi". Ya ɗaga hoton idon sama ya duba.

"To ina na bayan?"

Mijina ya fara bayani. Yaya ya saurara kaɗan, ya mayar masa da ambulan ɗin takardun.

"Allah ya sawwaƙe. Ka kwashe kayanka kafin Asabar."

Akwatin kayan aikin na ƙarƙashin benci. Mijina ya tsaya yana kallonsa, zaman mota ya sake sandarar da shi. Ni na durƙusa na jawo.